Daga Taƙi Zuwa Milimita: Yadda Muka Koyi Zane Da Kwamfuta A Ƙauyen Jazira

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar odar ƙofa ko taga daga wani gari ya san irin faɗuwar gaban da ke biyo bayan lodin kaya. An biya mai walda, an biya mota, an sallami na kan hanya, kaya sun sauka lafiya, sai a ɗaga taga a kai ta bakin ramin gini ta ce ba ta san zancen ba. Ba wani girma ta fi ramin ba, abin bai wuce kaurin yatsa ba. Amma ƙarfe ba atamfa ba ne balle a ɗan kalmashe bakinsa. Ko dai a fasa gini, ko a mayar da taga inda ta fito, kuma ko wanne aka zaɓa riba ta tafi, wani lokacin har da mutunci.

Mu ma ya faru da mu a shekarar 2025, a ƙauyenmu da ke tsakanin Wad Madani da Sannar a ƙasar Sudan, lokacin da jama'a suka fara komawa gidajensu suna gyaran abin da yaƙi ya bari. Magini ya auna ramin taga ya ce santimita 120. Wani ɗan'uwanmu da ya daɗe yana fatauci a Nijeriya, inda ƙafa da inci suka zauna a bakin magina, shi ne ya buga wa mai walda waya a birni, ya ce masa ƙafa huɗu. A wurinsa duk ɗaya ne. Ashe ƙafa huɗu milimita 1,219 ce, ramin kuwa milimita 1,200. Wannan 'yar tazara ta milimita 19 ita ta sa muka kwana biyu muna sassaƙar bango da guduma, mai gida yana tsaye a kanmu bai ce uffan ba, wanda da ya yi faɗa ma da ya fi mana sauƙi.

Wannan asara ce ta zaunar da mu gaban kwamfuta, mu da babu ɗan ƙasa da shekara arba'in a cikinmu, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa riƙe linzaminta ba. Malaminmu ɗan ƙanenmu ne, wanda ya fara karatun injiniya a Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a Wad Madani a 1975, yaƙi ya katse masa karatu ya dawo gida. Da safe yana ce mana Baba da Kawu yana durƙusawa, da yamma kuma shi ke gyara mana riƙon linzami. Abin da ya koya mana shi ne abin da injiniyoyi ke kira CAD a taƙaice, wato zana abu da ainihin awonsa a cikin kwamfuta kafin a taɓa ƙarfe, ko katako, ko bulo.

Ya kamata mai karatu ya bambance wannan da zanen hoto. Mai zanen hoto burinsa abu ya yi kyau a ido. Wannan kuwa kowane layi a cikinsa yana ɗauke da tsawonsa, kuma in ka tambayi kwamfuta za ta faɗa maka shi ba ƙari ba ragi. Abin ba na jiya ba ne. Tun a 1963 wani ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka mai suna Ivan Sutherland ya ƙirƙiro manhajar Sketchpad, wadda ake ja mata layi a fuskar na'ura da wani alƙalami mai haske. Amma sai a ƙarshen 1982, da kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD mai aiki a kan ƙaramar kwamfutar tebur, sannan sana'ar ta fara fita daga hannun manyan masana'antun jirage da motoci ta iso ga ƙananan ofisoshi.

Gonar da aka fara zanawa a takarda

Darasin farko da yaron nan ya ba mu ba taga ba ce. Cewa ya yi mu zana gona. Mun yi dariya, amma daga baya muka gane hikimarsa, domin babu abin da mutumin Jazira ya sani da ƙafarsa kamar fasalin gonar nan.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Jazira ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Khartum. A 1925 Turawan Ingila suka gama dam ɗin Sannar suka fara kwararo ruwa ta magudanai domin noman auduga, kuma bayan an ƙara ɓangaren Manakil girman gonar ya haura faddan miliyan 2. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Kakanninmu sun riga dam ɗin zuwa. Wasu alhazan ƙafa ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, inda ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sannar a 1906. Da aikin auduga ya buɗe, hannun Hausawa da Fulani da Barebari na cikin waɗanda suka haƙa magudanai suka tsinci kaɗa. To amma gonar kanta a kan teburin injiniya aka haife ta. Shi ya sa in ka tsaya a bakin ruwa za ka ga komai a miƙe kamar an ja da zare: babbar magudana tana ba ƙarama, ƙarama tana ba wadda ake kira Abu Ishirin, ita kuma tana ba Abu Sitta mai shiga cikin gona.

Filin da Abu Ishirin ɗaya ke shayarwa ana kiransa nimra, tsawonsa mita 1,350, faɗinsa mita 280. Shi aka ce mu zana. Aka nuna mana cewa fuskar kwamfutar fili ne mara iyaka, yana da wata cibiya inda komai ke farawa, kuma kowane wuri a cikinsa ana kiransa da lamba biyu: nawa ka tafi dama, nawa ka hau sama. Ka danna alamar layi, ka sa baki a cibiya, ka nuna dama, sannan ka rubuta 1350 da hannunka. Nan ne muka fara karo da halinmu. Hannu yana so ya ja linzami har sai ido ya ce ya isa, kamar yadda muka saba auna fili da taki. Yaron ya hana. Ido ba ya awo a wannan sana'a, lamba ake bugawa.

Da muka rufe kusurwa huɗu, sai ya sa muka tambayi kwamfuta faɗin abin da muka zana. Ta ce murabba'in mita 378,000. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya yi shekaru yana sayar da buhunan dawa a Gadarif kuma ba ya yarda da lissafin kowa, ya ɗauko takarda ya raba da 4,200. Ya samu faddan 90 cif, adadin da kowane manomin Jazira ya sani tun yana yaro. Daga ranar ya daina kiran abin wasan yara.

Sannan aka koya mana umarni na biyu, wanda ke ɗaukar layi ya haifi ɗan'uwansa a gefe, a daidai tazarar da ka faɗa. Muka ba shi mita 75, muka yi ta dannawa, sai ga nimra ta rabu gida 18, kowane yanki faddan 5. Aikin da zai ci mutum yini da igiya da turaku, bai ci mu minti biyar ba.

Abubuwan da suka wahalar da mu

Gaskiya ita ce makon farko ba daɗi. Yatsun da suka saba da ƙirgen kuɗi da ɗaurin buhu ba sa jin maganar linzami. Ka taɓa 'yar tayar da ke tsakiyarsa sai zane ya ɓace ɓat, hankalinka ya tashi, ashe nisa kawai ya yi, juya tayar baya zai dawo da shi. Kuma rubutun manhajar duk da Turanci yake, mu kuwa karatunmu na allo ne da Larabci. Dabarar da muka yi ita ce kowa ya samu ɗan littafi, ya zana hoton kowane maɓalli, ya rubuta aikinsa a gefe da Hausa cikin ajami. Ba su fi goma ba waɗanda mai farawa ke buƙata: na layi, na da'ira, na murabba'i, na haihuwar layi, na datse abin da ya wuce iyaka, na kwafa, na matsarwa, na gogewa, da na rubuta awo. Sauran ɗaruruwan da suka cika fuskar na'ura suna ba mutum tsoro, a bar su sai an girma.

Abu uku ne muke ganin duk wanda ya raina su zai sha wuya.

Na farko, kafin ka ja layi ko ɗaya, ka faɗa wa kwamfuta da wane awo za ku yi magana. Ita 1200 kawai ta sani, ba ruwanta da ko milimita kake nufi ko inci. Ga aikin walda da kafinta, milimita ita ce lafiya, domin babu rabi babu kwata. 'Yan kasuwar iyaka sun fi kowa sanin wannan ciwo. Mai sayar da yadi a Jibiya ko Illela ya san yadi bai kai mita ba, santimita 91 da 'yan kai ne, kuma ya san rigimar da ke tashi in mai saye ya tsallako daga Maraɗi ko Ƙonni da awon mita a kansa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Wanda ya haddace wannan lamba ya tsira daga irin abin da ya same mu.

Na biyu, ana zana abu ne da cikakken girmansa. Taga mai milimita 1,200 haka za ka rubuta ta, gona mai mita 1,350 haka za ka rubuta ta. Sai an zo bugawa a takarda ake rage girma. Mun daɗe kafin wannan ya shige mu, domin hankali yana cewa ta yaya gona za ta shiga cikin kwamfuta. Da aka zo bugawa aka ce kowace milimita ɗaya a takarda ta tsaya a madadin mita biyar a ƙasa, sai ga nimra ta koma santimita 27, ta zauna daram a farar takardar ofis. Zanen gida an fi buga shi ɗaya bisa ɗari, wato santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Taga kuwa ɗaya bisa goma ta wadatar.

Na uku shi ne kamun baki. Akwai wani saiti da ke sa linzami ya cafke ainihin ƙarshen layi, ko tsakiyarsa, ko mahaɗarsa da wani, kamar maganaɗisu. In ba ka kunna shi ba, layuka biyu za su yi maka kamar sun haɗu, sai ka matso da zanen kusa ka ga rata a tsakani. Kwamfuta ba za ta ba ka faɗin ɗakin da bangonsa bai rufe ba. Ɗaya daga cikinmu ya yi awa guda yana zargin na'ura da lalacewa saboda wannan.

Akwai kuma maɓallan ceto guda biyu da ya kamata mai koyo ya riƙe kamar lambar wayarsa: Ctrl da Z, mai janye kuskuren da ka yi yanzu, da Ctrl da S, mai adana aiki. Na biyun ya fi muhimmanci a wurinmu, saboda wuta. Batirin tsohuwar kwamfutarmu ya mutu, da hasken rana muke tayar da ita, kuma ranar da gajimare ya rufe faifan ta ɗauke da aikin yini guda a cikinta. Tun daga nan yatsa ba ya nisa da S.

Wace manhaja, kuma da wane kuɗi?

AutoCAD ita ce sunan da kowa ya sani, kuma wanda ke neman aiki a ofishin injiniya ba makawa sai ya iya ta. Amma tun 2016 kamfaninta ya daina sayar da ita saye na dindindin, sai haya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma kuɗin ya fi ƙarfin mai walda na ƙauye. A nan Sudan ma akwai wani tarihin. Daga 1997 zuwa 2017 ƙasar tana ƙarƙashin takunkumin cinikin Amurka, saboda haka mutane suka saba da kwafin bayan fage da ake zuba wa mutum a kasuwa. Ba mu ba kowa shawarar wannan hanya. Ban da batun haƙƙi, irin waɗannan kwafi sukan zo da ƙwayar cutar da ke cinye duk abin da ke cikin na'ura, har da lissafin bashin da ake bin mutane.

Mu da LibreCAD muka fara. Kyauta ce halak malak, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta, kuma in an zuba ta sau ɗaya ba ta ƙara neman intanet. Zanen shimfiɗe take yi, tsawo da faɗi, wanda shi ne kusan duk abin da ƙofa da taga da fasalin shago ke buƙata. Tana adana aiki a tsarin DXF, wanda AutoCAD ma ke buɗewa, don haka injiniyan birni zai iya karanta abin da ka aika masa. Mai son ganin abu da kaurinsa yana juya shi ta kowane gefe, akwai FreeCAD, ita ma kyauta, wadda cikakken bugunta na farko ya fito a Nuwamban 2024. Amma a ganinmu kada mai farawa ya yi gaggawar zuwa can. SketchUp da Tinkercad suna da daɗin koyo, sai dai na kyautarsu a kan intanet suke aiki, kuma wanda ya ga yadda layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin Sudan a Fabrairun 2024 ba zai jingina sana'arsa da abin da sai da intanet ba.

Sai a yi hattara da wasu masu buɗe makarantar kwamfuta. Ɗaya daga cikinmu ya taɓa biyan kuɗin wata uku a wata irin wannan makaranta a birni, aka shafe wata biyu ana koya masa buga wasiƙa, ranar da aka zo zane kuma mutum takwas ne a kan na'ura ɗaya. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka zanen da ɗalibin bara ya yi da hannunsa, ka kuma tambaya mutum nawa ke zama a kan kowace kwamfuta.

Inda kuɗin yake

Me ya sa muke ganin wannan magana ta shafi ɗan kasuwa a yanzu? Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, lokacin da dakarun RSF suka kama garin, ya kai Sinja a tsakiyar 2024. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Waɗanda suka koma sun tarar da gidaje da shaguna a wawushe, ƙofofi a ɓalle. Duk mai komawa ƙofa yake fara nema, domin ba a kwana da iyali a gida buɗe. Ƙarfe da katako kuwa daga nesa suke zuwa, ta Bur Sudan ko ta iyaka, suna wucewa ta hannun fatake irinmu, kuma kowace shiga da fita kuɗi ce. Wanda ya yi kuskuren awo a irin wannan lokaci ba shi da rarar da zai rufe ramin.

Ga misalin da ya fi buɗe mana ido. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake ƙera taga da shi yakan zo da tsawon mita 6. A lissafin baki, gunduwa biyar masu milimita 1,200 za su fita daga sanda ɗaya. Amma dutsen yanka yana cin nasa rabo, kamar milimita 3 a kowane yanka. Yanka huɗu milimita 12 ke nan, sai gunduwa ta biyar ta fito a gajarce. In ka jera gunduwoyin a kwamfuta tare da cin dutsen, za ka ga wannan tun kafin ka sayi ƙarfe, ka san sanda nawa za ka ɗauko, ka kuma san wane guntu zai shiga wani wurin maimakon ya tafi bola. Haka falankin katako mai faɗin milimita 1,220 da tsawon 2,440: ka shimfiɗa shi a fuskar na'ura, ka yi ta jujjuya allunan kanta a kansa har sai ka ga tsarin da ya fi rage asara. A da sai an yanka ake gane an yi ɓarna.

Sai dai akwai iyakar da ba ma so mai karatu ya tsallake. Zanen da ka yi a kwamfuta ba takardar mallakar fili ba ce. Muna faɗin haka ne saboda mun san zafin maganar ƙasa a wannan yanki. Dubban ma'aikatan gona a Jazira sun shekara da shekaru a matsugunan da ake kira kanabi ba tare da an yanka musu filaye a hukumance ba, kuma ba a manta da rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ba, wanda ya taso a kan ƙasa da sarauta, ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu a wajen Rusairis da Wad al-Mahi, ya raba dubbai da gidajensu. Zane mai tsabta yana taimakawa wajen rabon gado ko shirya gini, yana rage musu tsakanin 'yan'uwa. Amma iyakar fili aikin ma'aunin hukuma ne da hatiminsa. Haka kuma iya jan layi bai mayar da mutum injiniya ba. Kaurin ginshiƙi da yawan rodin da bene zai ɗauka, a kai wa masu ilminsa, musamman a baƙar ƙasar Jazira mai kumbura da damina ta tsage da rani.

Kuma kwamfuta ba ta zuwa bakin gini. Abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Saboda haka har yanzu tef ɗin awo shi ne uban tafiya. Yadda muke yi a yanzu, muna auna faɗin ramin taga a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, mu ɗauki mafi ƙanƙanta, domin bangon ƙauye ba ya miƙewa kamar layin kwamfuta. Mu auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu mu ga ko ramin ya karkace. Sannan mu rage milimita 10 domin taga ta samu wurin shiga. A kan takardar muna rubuta awon rami daban, awon taga daban, mu nuna gefen da za ta buɗe, mu sa kaurin ƙarfe da adadin da ake so, a ƙasa kuma mu rubuta da manyan baƙaƙe, da Larabci da Hausa, cewa duk lambobin nan milimita ne. Mu mayar da ita PDF mu tura wa mai walda ta WhatsApp, mu riƙe kwafi ɗaya, domin in gardama ta tashi a san wanda ya kauce.

Bayan wata biyu da fara karatu muka aika da odar farko ta wannan hanya, tagogi shida na wani shago a bakin kasuwa. Mai waldar ya bugo waya yana tambayar wane injiniya muka ɗauka. Ranar da kayan suka iso, dattijon nan na Gadarif bai bari an sauke su daga mota ba sai da ya hau da tef ɗinsa ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta ba shi milimita 1,190.